Ranar Ruwan Bassu

A Tamsalt ba a kunna wuta a lambun dabino sai ranar ruwan mutum, wato ranar da layin ban-ruwa ya zo kan lambunsa. Dokar ta girmi duk wanda ke raye a garin, ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ko jiya aka kawo mace aure za ta ji ta kafin ta san hanyar rijiya. Ka tara busassun rassanka, ka haƙa rami, ka gaya wa sarkin ruwa tun ana gobe, sa'an nan ka jira. Sai ruwa ya shigo lambunka ya jiƙa maka ƙafa za ka ƙyasta ashana, kuma kafin iskar azahar ta taso ka binne tokar. Wutar da ta tsaya a raminta ita suke kira wutar zaune. Wadda ta kama jikin bishiya ta hau, wutar tsaye ce, kuma babu mai fatan a yi ihun “Ta miƙe!” daga wajen lambunsa.

Bassu ya san dokar nan kamar sunansa. Shekara arba'in da ɗaya yana ƙona shara a lambun da ya gada, ko ganye ɗaya na maƙwabci bai taɓa babbakawa ba, kuma yakan faɗi haka a dandali ko ba a tambaye shi ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, duk tsawon shekarun nan ba shi ke cewa lokaci ya yi ba. Matarsa Itto ce. Shi nasa hawa bishiya ne, da sare rassa, da sauke dabino in ya nuna. Ruwa kuwa tun suna ango da amarya ya sakar mata, don ba shi da haƙurin tsayawa yana kallon ruwa yana rarrafe a hanya. Ranar ruwansu, wadda ke zagayowa duk kwana tara, ita ke ɗaukar fartanya ta sauka lambu, shi kuma ya wuce kasuwa ko majalisa.

Sai ranar ƙona shara, sau ɗaya ko biyu a shekara, suke sauka tare, kuma a 'yan shekarun nan ba sa sauka sai sun yi faɗa. Ruwansu daga fitowar rana yake farawa, amma Itto ba za ta bar shi ya fita ba sai ta dafa shayi, ta juya shi har ya yi kumfa, ta gasa gurasa, ta shiga neman mayafin da ke kanta.

“Ke dai da ana gasar nawa, da mun yi suna,” in ji shi, yana tsaye a ƙofa da ashana a aljihu.

“Zauna, tsoho. Sha shayinka. Wa ya biyo ka?”

Ya zauna yana gunaguni, ya sha, har ya nemi ƙari.

Itto ta rasu a tsakiyar sanyi, bayan jinyar da ta kusa shekara. Duk lokacin jinyar Bassu bai taka lambu ba, bayan rasuwar ma ya ƙara wata uku bai leƙa ba. Addi, sarkin ruwa, shi ya riƙa buɗe wa lambun ruwa da hannunsa, bai ce a gode masa ba. Bassu ya zauna a gida ya zama kamar ba shi ba. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen layi ya koma sai an yi sallama uku kafin ya amsa. Kewarta ta kama shi yadda bai taɓa zato ba, har yakan dafa shayi ya zuba kofi biyu, sai ya ga na biyun ya huce ya tuna.

Abu guda ya rage masa nata da yake da rai. A cikin bishiyoyi goma sha ɗaya na lambun akwai ɗaya da kowa ke kira bishiyar Itto. Da ita aka kawo ta, 'yar tsiro naɗe a jiƙaƙƙen buhu, daga lambun ubanta a can bayan dutse, kamar yadda mutanen can ke yi wa 'yar da suke so. Irin nan babu shi a Tamsalt. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, ba sa shiga ido a kasuwa, amma wanda ya ci sau ɗaya sai ya aiko yaro roƙo. Lambun uban nata fari ya cinye shi tuntuni, tsirran da bishiyar ta yi tana ƙarama kuma babu wanda ya kama, yanzu ta tsufa ta daina yi. In ta tafi, irin ya tafi ke nan. A kwanakinta na ƙarshe Itto ba ta iya haɗiye komai sai dabino ɗaya na bishiyar, a jiƙa mata a ruwa.

Da zafi ya fara leƙowa, Addi ya zo gida ya same shi, ya kira shi da Dadda, yadda ake girmama dattijo a garin.

“Dadda Bassu, lambunka ya zama abin tsoro. Shara ta kai ƙugu a gindin bishiyar marigayiya. Guntun taba ɗaya ya isa. Dattawa sun ce in gaya maka, ni kuma na ce ba sai an gaya wa Bassu aikin wuta ba.”

“To ga shi ka gaya min.”

“Ai ban gaya maka ba, hira muke.”

Washegari Bassu ya sauka. Da ya ga bishiyar sai da ya dafa katanga. Busassun rassa suna rataye a wuyanta jere-jere, wasu sun zubo sun taru a gindinta, ciyawa ta bushe ta cika ƙananan hanyoyin ruwa. Kunya ta kama shi kamar ya bar Itto da dauɗa a jiki. Kwana huɗu yana kwasa yana ja, ya haƙa rami a nesa da bishiyar, taku ashirin cif, ya tula sharar a gefe. Rassan da ke can sama ya bar su sai bayan ƙonawa, don gwiwarsa ta fara yi masa magana. Ana gobe ranar ruwansa ya tari Addi a ƙofar masallaci.

“Gobe zan ƙona.”

“Allah ya kai mu. Sai ka ga ruwa dai.”

“Ni za ka gaya wa?”

Da gari ya waye babu mai cewa ya zauna. Ko shayi bai ɗora ba. Rana na leƙowa yana kan hanya, kuma a daidai inda ƙaramar hanyar ruwa ta rabu da babba ta nufi wajen lambunsu, ya ga ruwa ya riga ya karya kwana yana tafe, yana tura ganye da kashin tumaki a gabansa. Daga nan zuwa lambunsa bai fi a karanta fatiha 'yan ƙafafu ba. Ya wuce ruwan da sauri, ya shiga, ya tura rassa a rami. Har da magana ya yi wa Itto a ransa, wai kin gani ko, yau kafin ki gama neman mayafi na gama. Ya duba hanyar ruwan da ta ratso ƙarƙashin katanga, a bushe take, amma ai da idonsa ya ga ruwan yana zuwa. Ya ƙyasta ashana.

Busasshen reshen dabino ba ya shawara. Wutar ta tashi da ƙara, ta fi tsayin mutum, amma tana zaune a raminta, Bassu yana ƙara mata yana waiwayar katanga. Ruwa bai shigo ba. Ya ƙara waiwaya. A nan ne wani reshe ya fashe, tartsatsi ya faɗa kan busasshiyar ciyawar da ke cikin hanyar ruwa, wadda da a ce ruwan ya zo da tuni tana ƙarƙashinsa. Wutar ta bi hanyar nan sak, kamar an share mata, kuma hanyar a gindin bishiyar Itto ta ƙare.

Ya bi ta da fartanya yana watsa ƙasa. Ya tuɓe rigarsa yana duka. Kafin ya kai, ta kama zaren da ke naɗe a jikin bishiyar ta fara hawa, ta iske rassan nan da ya bari a sama. Bai san shi ya yi ihun ba, sai da ya ji muryarsa ta dawo daga dutse.

“Ta miƙe! Jama'a, ta miƙe!”

Mutane suka zubo ta kan katangu da bokitai da fartanyoyi. Addi ya iso yana haki, ya tsallaka katangar gabas, ya fasa wata 'yar datsiyar laka da ƙafa, sai ga ruwa ya kwararo lambun Bassu a guje. Da shi aka kashe wutar kafin ta tsallaka wa kowa. Bishiyoyi biyu sun ƙone gefe guda, za su warke. Bishiyar Itto kuwa ta tsaya baƙa ƙirin daga gindi har kai, tana hayaƙi, babu ganye ko ɗaya.

Bassu ya shaƙe wuyan rigar Addi da hannuwansa da suka ɗuri ruwa.

“Ina ruwana? Daga fitowar rana nawa ne! Wa ka ba?”

Addi ya dube shi, bakinsa a buɗe. “Dadda Bassu... ba ka sani ba?”

Ta bayan katangar gabas wata mace ta tsaya, fartanya a hannu, ƙafafunta jiƙe da laka har ƙauri. Tudda ce, matar marigayi Hammu. Shi Hammun sun yi shekaru ba sa magana da Bassu saboda rikicin iyaka, har Bassu ya taɓa rantsewa a dandali cewa ko ɗigon ruwansa ba zai shiga ƙasar gidan nan ba. Hammu ya sayar da rabonsa na ruwa kafin ya mutu, ya bar ta da bishiya huɗu da ɗan fangalin ciyawar tumaki, ba abin shayar da su.

“Lalla Itto ce ta ba ta farkon safiyarku,” in ji Addi a hankali, yana kiran marigayiyar da Lalla, sunan girmamawar mata. “Shekara bakwai ke nan. Daga fitowar rana har inuwar katanga ta sauka kan dutsen can, ruwan na Tudda ne, sa'an nan ya wuce muku. A gabana ta yi. Wallahi na ɗauka da saninka. Wa zai ce miji bai sani ba?”

Bassu ya sake shi. Ya dubi Tudda, ya dubi dutsen, inuwar ma ba ta kai shi ba tukuna. Shekara bakwai yana shan shayi yana yi wa matarsa ba'ar nawa, ashe riƙe shi take yi har lokacin Tudda ya wuce. Ya zauna a cikin lakar, ruwan da ya makara yana zagaye shi.

Bayan sallar Juma'a dattawa suka zauna a zauren ƙofar gari. Addi ya buɗe baki zai kawo maganar safiyar da Itto ta ba Tudda, Bassu ya ɗaga masa hannun da aka naɗe da tsumma.

“Ruwa bai taɓa ƙafata ba na kunna. Shi ke nan maganar. Ku yanke.”

Aka yanke abin da aka saba: zai ciyar da waɗanda suka kashe wutar, kuma ba zai sake ƙyasta ashana a lambu ba sai sarkin ruwa yana tsaye. Bishiyar kuma a ba ta kwana arba'in. Dabino yakan ƙone ƙurmus ya dawo, in dai wuta ba ta kai zuciyarsa ba, wato tohon da ke tsakiyar kansa. In ta fitar da kore, Allah ya raya ta. In ba ta fitar ba, a sare ta, don matacciyar bishiya gidan ƙwari ce, a yi azara da kututturen, a ƙona kan a rami.

Kwana arba'in ɗin nan Bassu ya tare a lambu. Kullum da safe zai tsaya a gindinta ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage. Masu wucewa kowa da fatawarsa. Wannan ya ce tasa ta fi haka ƙonewa ta dawo, wancan ya ce a watsa mata ruwa a ka, wani tsoho ya ce a daina kallonta, dabino ba ya son ido. Bassu ya yi duk abin da aka ce, har da daina kallon, na rabin yini. A kwana na ashirin da wani abu, ya ga kamar ɗan fari-fari a tsakiyar baƙin, ya kama hanyar gida yana murmushi shi kaɗai, har ya tsaya ya sayi sukari. Washegari abin yana nan yadda yake, bai ƙaru ba. Bayan mako ma haka.

Wani lokaci fushi ke taso masa. Don me ba ta gaya masa ba? Magana ɗaya ce. Sai kuma ya tuna rantsuwar da ya yi a dandali, da yadda ya daki ƙasa da sanda, da yadda ya dawo gida yana ba ta labari da alfahari, ita kuma tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Fushin sai ya juyo kansa, kuma wannan ya fi ciwo. Tudda kuwa duk ranar ruwa ba ta zuwa lambunta. Addi ya ce ta ƙi karɓa, ciyawarta har ta fara ja.

Ranar da kwana arba'in ya cika, Bassu ya ɗauko igiyar hawa. Addi ya ce a bari wani mai sauran gwiwa ya hau, ya ce a'a. Ya ɗaura igiyar a ƙugu ya fara hawa, gawayi yana goge masa ƙirji, yana hutawa bayan kowane taku biyar. Ya san bishiyar nan tun ba ta kai gwiwarsa ba, ya san inda ta ɗan karkata shekarar da aka yi ambaliya. Da ya kai sama ya zauna a kan guntayen rassan da suka ƙone, ya share toka da hannu. Tohon yana nan a tsakiya, fari-fari, tsawon kamu ɗaya. Masu dabino sun san gwajin: ka kama ka ja a hankali. In ya riƙe, da rai.

Ya yi bismillah ya kama, ya ja.

Ko gardama bai yi ba. Ya zaro kamar an zare tsinke daga tuwo, gindinsa ruɓaɓɓe, wari ya biyo shi. Bassu ya daɗe a sama riƙe da shi. Daga can ana ganin dukan Tamsalt, har maƙabarta, sai ya juya mata baya ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, kafaɗunsa suna rawa, igiya tana ƙara.

Da ya sauko Addi ya ga abin da ke hannunsa, ya kawar da kai ya koma bakin ƙofa. Tudda tana bayan katanga, ba a san tun yaushe ba.

“Dadda Bassu, na ce wa Addi ya mayar maka da safiyarka. Da na san haka za ta faru, wallahi da bishiyoyina sun bushe ban karɓa ba. Ka yafe min.”

“Ba ke kika kunna ba.” Ya goge fuska da hannun riga, ya ƙara shafa wa fuskar baƙi. “Ta taɓa yi miki maganata?”

Tudda ta gyaɗa kai. “Ta ce in ka ji za ka yi faɗa kwana uku, ka ƙi cin abinci, sa'an nan ka ce a ƙara min. Ta ce ta san kayanta.”

“To me ya hana ta faɗa?”

“Kullum sai ta ce bayan an sauke dabino. Da ciwon ya zo na je duba ta, na ce Lalla Itto, ki gaya masa mana. Ta ce yanzu ba ta da ƙarfin kwana ukun nan. Ta ce da ta samu sauƙi za ta gaya maka, ku yi faɗanku a tsanake.”

Bassu ya sunkuyar da kai. Sai ya ce, “Ki koma ki shayar da ciyawarki. Abin da ta bayar ta bayar.” Tudda ta ja mayafi ta rufe fuska ta tafi.

Ya ajiye ruɓaɓɓen tohon a bakin ramin, ya naɗe igiyarsa, ya taka zuwa inda Addi yake tsaye. Ya gyara tsayuwa, kamar yadda ake yi in za a ba sarkin ruwa sanarwa.

“Gobe zan sare. Jibi ranar ruwana ce, zan ƙona.”

“Allah ya kai mu, Dadda Bassu. Zan zo da mutane, zan tsaya.”

Bassu bai tafi ba. Ya juya igiyar a hannu, ya dubi katangar gabas, ya dubi dutsen.

“Addi,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Ka zo ka ɗauke ni daga gida. In na tashi da safe ban san abin da zan yi da kaina ba kafin ruwan ya iso.”